Fam, laba ko daka: yadda ake zaɓar Hausar kalmar "pound"

A rahoton kasuwannin duniya guda ɗaya kana iya cin karo da kalmar *pound* sau biyu a jere, kuma kowacce da inda ta dosa. Auduga a kasuwar New York ana yanka mata farashi da *cents per pound*, koko kuwa a kasuwar Landan ana yanka masa da *pounds per tonne*. Na farkon nauyi ne, na biyun kuɗi. Mai fassarar da ya rubuta "fam" a duka wuraren biyu ya dace a ɗaya, ya ɓata ɗaya, mai sauraro kuma ba shi da hanyar gane wanne aka ɓata masa.

Abin da ke jawo wannan tuntuɓe shi ne ana ɗaukar *pound* a matsayin kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa. Kalmomi uku ne daban-daban, kowacce da asalinta, zamani ne ya goge su har suka zama rubutu ɗaya da furuci ɗaya. Hausa ma tana da irin wannan: "gari" na tuwo da "gari" na mutane a rubutu ba su da bambanci, sai dai mu karin sauti da tsawon wasali suna raba mana su a baki. Turanci bai bar wa *pound* ko wannan ba.

Ta farko ta fito daga Latin. Rumawa suna cewa *libra pondo*, wato libra ɗaya a awon nauyi. Kakannin Ingilishi da Jamusawa suka ɗauki rabin maganar na biyu, *pondo*, ya zama *pund* a tsohon Turanci, ya zama *Pfund* a Jamusanci. Rabin farkon bai ɓace ba, shi ne ya bar gajerun haruffan lb da ake rubutawa a jikin buhu da sikeli, kuma alamar £ ba komai ba ce illa harafin L na *libra* da aka ja wa layi. Daga wannan kalma ɗaya nauyi da kuɗi suka fito, domin a Ingila ta ƙarni na 8 ana buga kwabban azurfa 240 daga azurfa mai nauyin *pound* ɗaya. Ta biyu aikatau ce, *punian* a tsohon Turanci, ma'anarta dakawa ko farfasawa, kuma asalinta babu harafin d a ƙarshenta. Daga baya ne ya manne mata, kamar yadda ya manne wa *sound*. Ta uku suna ce ta shingen da ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna ko suka ɓace. Babu dangantaka tsakanin ukun.

Kuɗi: fam, amma na wace ƙasa?

Nan ne zaɓi ya fi sauƙi, domin Hausa ta daɗe da karɓar kalmar. Da yake ba mu da sautin p, *pound* ta zama fam, kamar yadda *pump* ta zama famfo. Idan ka ga alamar £ a gaban lamba, ko aikatau irin su *cost*, *pay*, *earn*, *fine*, ko ka ga *the pound* ita kaɗai tana tashi tana faɗuwa a labarin tattalin arziki, fam ne.

Sai dai "fam" shi kaɗai bai wadatar ba a rubutun da za a karanta daga Kano zuwa Khartoum. Birtaniya tana da fam, Masar tana da shi, Sudan da Sudan ta Kudu suna da nasu, Labanan da Siriya ma a Turanci *pound* ake kiran kuɗinsu. Bahaushen Sudan da ya ji "fam dubu" zai yi lissafi da na aljihunsa, wanda a Larabci ake kira junaih, alhali Balabane lira yake kiran nasa. Tazarar daraja a tsakaninsu ba ƙarama ba ce: fam ɗin Ingila ɗaya yana sayen na Masar gomomi. Don haka ka duba harufa ukun da bankuna ke sawa. GBP na Birtaniya ne, EGP na Masar, SDG na Sudan, SSP na Sudan ta Kudu. A ambaton farko ka rubuta "fam ɗin Ingila" ko "fam ɗin Masar" cikakke, daga nan kana iya taƙaitawa. Kalmar *sterling* idan ta biyo baya ta yanke gardama, na Birtaniya ne. *Quid* ma fam ɗin Birtaniya ne a bakin 'yan gari, kuma ba ta ɗaukar harafin s na jam'i ko da dubu ne.

Akwai tarko na biyu da ya keɓanta da Najeriya. Ƙasar ta yi amfani da fam har zuwa 1 ga Janairu 1973, lokacin da naira ta maye gurbinsa a kan fam ɗaya naira biyu. Bakin kasuwa bai saki tsohon lissafin ba. Har yanzu dattijo a kara ko a kasuwar hatsi yana iya cewa fam yana nufin naira biyu, jaka kuwa, wadda a da fam ɗari ce, ta zauna a naira ɗari biyu. A Nijar kuma jaka sefa dubu ce. Wannan ma dalili ne na ƙara "na Ingila" idan masu sauraron manya ne.

Tsofaffin takardu, irin takardun haraji da na kotu da na cinikin gyaɗa na zamanin En'e, suna da nasu lissafin. Kafin a koma tsarin goma-goma, fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato kwabo 240 a fam. Ana rubuta su da £, s da d. Idan ka ga £2 5s 6d, Hausarsa tana nan a shirye: fam biyu da sule biyar da sisi. Taro kwabo uku ne, sisi shida, nai tara, ɗari rabin kwabo, anini kuwa ɗaya bisa goma na kwabo, shi ya sa wanda ya tsiyace yake cewa ko anini ba shi da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karanta £2 5s 6d kamar 2.56. Ba haka ba ne: sule biyar rubu'in fam ne, sisi kuma ɗaya bisa arba'in, jimla 2.275, wanda a canjin 1973 ya kama naira huɗu da kwabo hamsin da biyar. Shawara mafi kyau ita ce kada ka juya shi zuwa naira ko kaɗan. Mai karatun yau da ya ga "naira huɗu" zai ɗauka kuɗin alewa ne, alhali a lokacin kuɗi ne na gaske. Bar shi a fam da sule, ka faɗi shekarar. Birtaniya kanta ta bar wannan tsari ranar 15 ga Fabrairu 1971, fam ya zama kwabo 100, Ghana kuma ta bar fam ta koma sidi tun 1965, saboda haka shekarar takarda ita ke gaya maka wane lissafi za ka bi.

Nauyi: laba ko kilo?

Wannan ne wurin da ya fi cin mutane, kuma nan ne zaɓi na gaske yake. Alamominsa su ne lb ko lbs bayan lamba, aikatau *weigh*, *lose*, *gain*, *lift*, ko *of* da sunan kaya a bayanta, kamar *a pound of meat*. Ka lura idan kalmar tana siffanta wani abu ba ta ɗaukar s: *a ten-pound baby* jariri ne mai nauyin laba goma, *a ten-pound note* kuma takardar fam goma ce. Ginin jimlar iri ɗaya ne, sunan da ya biyo baya ne kaɗai ke raba su.

Hanyoyi uku ne a gaban mai fassara. Ta farko ya ce fam, kamar yadda wasu ke yi. Wannan ita ce mafi muni, domin kunnen Bahaushe ya riga ya ba wa fam kuɗi. "Bam mai fam 2,000" zai sa a ɗauka tsadarsa ake faɗa, alhali nauyinsa ne, kusan kilo 907. Ta biyu ya ce laba, wadda ita ce kalmar Hausa ta wannan awo. Daidai ce, ba ta rikicewa da kuɗi, amma matasa da yawa ba su taɓa sayen komai da laba ba, don haka ba ta zana musu hoton nauyin. Ta uku ya juya lambar zuwa kilo. Ga labarai, lafiya, girki da kasuwanci, wannan ce ta fi, saboda da kilo ake awon nama da shinkafa da siminti da jarirai a asibiti. Laba ta fi dacewa a wuri biyu: rubutun tarihi, da inda lambar kanta suna ce, kamar ajin 'yan dambe ko farashin kasuwar da dole a faɗe shi yadda aka yanka. A nan sai a haɗa biyun, a ce "laba 200, wato kusan kilo 91".

Lissafin ba shi da wuya. Tun yarjejeniyar 1959 tsakanin ƙasashen da ke amfani da Turanci, laba ɗaya giram 453.59237 ce daidai, kilo ɗaya kuma laba 2.2046. Da na'ura, ninka da 0.4536. Da ka, raba lambar biyu ka cire ɗaya bisa goma na abin da ya fito: laba 200, rabinta 100, cire 10, saura 90, amsar gaskiya kuwa 90.7. Buhun shinkafa mai kilo 50 laba 110 ne. Jakar laba 50 da jiragen Amurka ke ƙayyadewa ita ce kilo 23 da matafiya suka sani, da ɗan ragi. Kada ka wuce gona da iri a ƙididdiga. Idan marubucin ya ce kusan laba dubu, kai ma ka ce kusan kilo 450, ba 453.59 ba, don kada ka ƙara masa tabbacin da bai yi iƙirari ba.

Oza, wato *ounce* da ake taƙaitawa oz, tana da nata ramin. Laba ɗaya oza 16 ce, kowacce giram 28.35. Jaririn da aka rubuta 7 lb 8 oz laba bakwai da rabi ne, wato kilo 3.4, ba laba 7.8 ba. Mutumin Birtaniya kuma yana faɗin nauyin jikinsa da *stone*, wanda laba 14 ne, kilo 6.35, wanda ya ce shi *eleven stone four* ne laba 158 yake nufi, kusan kilo 72. Tan ma iri-iri ne: na Amurka laba 2,000, kilo 907, tsohon na Birtaniya laba 2,240, kilo 1,016, na tsarin mita kilo 1,000 cif.

Zinariya da azurfa ba sa bin wannan awo. Ana auna su da tsarin *troy*, inda oza ɗaya take giram 31.1, ta fi ta kasuwa nauyi, amma labarta oza 12 ce kawai, giram 373. Ma'ana ozar zinariya ta fi ozar auduga nauyi, labar zinariya kuwa ba ta kai labar auduga ba. Wanda ya lissafa farashin giram na zinariya da 28.35 maimakon 31.1 ya ƙara wa kowane giram kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa, kuma a wannan sana'a ba ƙaramin kuɗi ba ne. Haka kuma idan rubutun daga Jamusanci ko Faransanci aka juyo shi zuwa Turanci, a yi hattara: *Pfund* da *livre* a bakin 'yan kasuwar can rabin kilo ne cif, giram 500.

Illar rikita laba da kilo ta wuce ta rubutu. Magungunan yara da yawa da nauyin jiki ake auna su, miligiram kaza a kan kowane kilo. Yaro mai laba 44 kilo 20 ne. Idan aka ɗauki 44 ɗin a matsayin kilo, an ba shi fiye da ninki biyu na abin da ya kamata. A ranar 23 ga Yuli 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 da ya taso daga Montreal zuwa Edmonton ya ƙare da mai a sararin sama, saboda an yi lissafin man da laba a inda ake buƙatar kilo. Ana neman kilo 22,300, aka tashi da abin da ya kai laba 22,300, ƙasa da rabi ke nan. Matuƙan suka sauko da shi injuna a mace a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli a lardin Manitoba, ba a rasa rai ba.

Laba tana ɓuya a wani wurin da ba a lura da ita: gejin mai faci. Lambar da yake karantawa idan yana ba taya iska, 32 ko 35 ko 40, *psi* ce, wato laba kaza a kan kowane inci murabba'i. Wannan matsin iska ne, ba nauyin da za a ɗora a sikeli ba, don haka ba a juya shi zuwa kilo. Idan littafin mota da *bar* ya rubuta, 32 ɗin ita ce 2.2.

Aikatau: Hausa ta fi Turanci yalwa

Idan kalmar ta zo da -ed ko -ing, ko tana da mai aikatawa a gabanta da abin da aka aikata wa a bayanta, to ba kuɗi ba ce ba awo ba. Bugu ne mai ƙarfi da ake maimaitawa. Turanci da kalma ɗaya yake rufe wannan fili duka, Hausa kuwa ta rarraba shi, kuma wanda ya tsaya a kan "daka" ko'ina zai yi ta ba da dariya.

A bakin turmi kaɗai akwai matakai. Raba tsaba da zangarniya sussuka ce. Cire dusa bayan an yayyafa ruwa surfe ne. Mayar da hatsi gari shi ne daka. Abu mai danshi da ake so ya haɗe ya yi danƙo, kamar fura ko doya, kirɓa shi ake yi, kuma *pounded yam* sunanta sakwara, ba a fassara ta kalma-kalma. Citta ko ƙashi ko tafarnuwa da ake so a fasa ba a mayar gari ba, dandaƙawa ake yi. A littafin girki na Turawa, idan aka ce a yi wa tsokar kaza *pound*, ana nufin a bubbuga ta ta yi faɗi ta yi laushi. Wanda ya rubuta "a daka" ya tura mai girki ga dambun nama. Niƙa kuwa ba ta cikin wannan gida, Turancinta *grind* ne.

Daga turmin ne kuma 'yan jarida suka samo mafi kyawun fassarar da ake da ita. Lugude shi ne dakan da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi ba tsayawa. Shi ya sa idan manyan bindigogi ko jiragen yaƙi suka yi wa gari *pounding*, "luguden wuta" ya zauna daram, har ya fi na Turancin hoto. A fagen ƙwallo ko dambe "lallasa" ko "ragargaza" ake cewa. Mutum idan aka yi masa, an jibge shi ko an lakaɗa masa duka. A ƙofa, *knock* ƙwanƙwasawa ce ta mai sallama, *pound* kuwa dukan ƙofa ne na mai fushi ko mai neman ɗauki, kuma a labari bambancin yana da muhimmanci.

Jiki yana da nasa kalmomin. Kai idan yana *pounding*, sarawa yake yi. Zuciya kuwa sai an duba dalili: bayan gudu, bugawa take da ƙarfi, don tsoro, gaba ne ke faɗuwa, ko a ce zuciya na dukan uku-uku. A takardar asibiti kada a sa faɗuwar gaba, domin likita bugun zuciya yake tambaya, ba fargaba ba.

Shinge

Kalma ta ukun, wato *pound* ta shingen dabbobi, ba ta cika fitowa ba, amma idan ta fito takan zo da *the* a gabanta kamar kuɗin, shi ya sa take ruɗarwa. A ƙauyukan Ingila na da akwai ɗan shinge, galibi na dutse, inda ake kai dabbar da ta shiga gonar wani, mai ita ba zai karɓe ta ba sai ya biya tara. Duk wanda ya san yadda ake kai akuyar da ta yi ɓarna gidan mai unguwa ya gane tsarin. A yau *dog pound* gidan da hukuma ke tsare karnukan da ba su da mai su ne, *car pound* kuma filin da ake ajiye motocin da aka kama. Babu buƙatar ƙirƙiro suna, a faɗe shi a fili: "wurin tsare motocin da aka kama". Aikatau *impound* daga nan ta fito, Hausarta kamawa da tsarewa. Ba ƙwacewa ba ce, domin abin da aka tsare ana iya fansarsa, kuma a labarin kotu ko na kwastan wannan bambanci yana iya zama ƙazafi idan aka kuskure shi. *Pond*, kududdufi, 'yar'uwar wannan kalma ce, ruwan da aka tare. *Compound* kuwa kama ce kawai: wadda ke nufin haɗi daga Latin take, wadda ke nufin gida mai katanga kuma ana danganta ta da *kampung* na harshen Malay.

Karin magana da alamar waya

Karin maganganun ba sa bin ko ɗaya daga ƙa'idodin nan, ma'anar ake ɗauka a bar kalmar. *In for a penny, in for a pound* Bahaushe ya riga ya faɗe ta: in za ka sha giya, sha ta dubu. *Penny wise, pound foolish* mutum ne mai ƙwauron kwabo yana asarar fam, kuma a nan fam ya dace tunda kuɗi ake nufi. *Pound for pound* a dambe na nufin idan aka ajiye bambancin nauyi gefe aka dubi gwaninta zalla. *Pound of flesh* daga wasan Shakespeare na ɗan kasuwar Venice ta fito, inda mai ba da bashi ya nemi yankar laba ɗaya ta naman jikin wanda ya kasa biya. A yau ana faɗarta ga wanda ya nace sai ya karɓi haƙƙinsa kaf ba sani ba sabo. *Pound cake* kuma ba kek ɗin fam ɗaya ba ne. Sunan daga awo ya zo: laba ɗaya ta fulawa, ɗaya ta bota, ɗaya ta sukari, ɗaya ta ƙwai, wato giram 450 kowanne, ƙwan kuwa takwas zuwa tara gwargwadon girmansu.

Saura *pound sign*. A Birtaniya £ ake nufi. A Amurka kuwa # ce, alamar nan mai kama da gidan dara da ake rufe lambobin duba kuɗin waya da ita, saboda 'yan kasuwar can sun daɗe suna rubuta 5# a madadin laba biyar. Idan muryar na'ura a layin wani kamfanin Amurka ta ce *press pound*, maɓallin da ke ƙasan tara, a dama da sifiri, shi za a danna. A littafin koyar da kwamfuta kuma sai an duba ƙasar da aka buga shi kafin a zana alamar, domin a allon rubutu na Birtaniya Shift da 3 yana ba da £, a na Amurka kuwa # yake bayarwa.